Tsakanin Uhudu da Gwalalo: Naƙadin Hujjojin da Ake Kafawa kan Sanya Yara cikin Yaƙi

Tsakure

Sanya ƙananan yara cikin yaƙi musiba ce da ta game nahiyoyin duniya, sai dai wasu daga cikin masu aikata ta suna jingina aikinsu ga sira da hadisi. Wannan maƙala tana naƙadin hanyoyi biyu da ake karanta ruwayoyin matasan Sahabbai: hanyar masu ɗaukar makami waɗanda suka mayar da ruwayoyin izini, da hanyar masu kare Musulunci waɗanda suka tsaya kan shekara 15 suna ganin magana ta ƙare. Maƙalar tana rinjayar da cewa izinin shugaba da maslahar yaro su ne ƙashin bayan mas'alar, kuma haddin shekara 18 yana da gindi a mazhabar Malikiyya.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a watan Agusta na 2017 asusun UNICEF na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa daga farkon wannan shekara zuwa lokacin, yara 83 aka ɗaura wa bam a arewa maso gabashin Nijeriya: 55 mata, 27 maza, ɗayan kuwa jariri ne da aka goya wa wata yarinya. Wannan ɓarna ba ta keɓanta da wani addini ko wata ƙasa ba. Ƙungiyar LRA ta Joseph Kony, mai da'awar Kiristanci, ta sace dubban yara a arewacin Yuganda. 'Yan tawayen RUF sun yi irin wannan a yaƙin basasar Saliyo tsakanin 1991 da 2002, haka nan 'yan tawayen Tamil a Siri Lanka. Duk inda bindiga ta yi araha, hukuma ta yi rauni, sai a tarar yaro shi ne sojan da ya fi sauƙin samu, ya fi sauƙin tsoratarwa, ya kuma fi ƙarancin tambaya.

Abin da ya sa mas'alar ta hau kan ɗaliban shari'a musamman shi ne, ƙungiyoyin da ke da'awar Musulunci ba su wadatu da aikata laifin ba, har sai da suka nema masa mafaka a cikin littattafanmu. Da'ish ta sanya wa yaran da ta horar a Raƙƙa da Mosul suna Ashbalul Khilafa, wato 'ya'yan zakunan halifanci, cikinsu har da yaran Yazidawa da ta kama a Sinjar a watan Agusta na 2014. A lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, daga 1980 zuwa 1988, an tura matasan Basij filin daga, aka kuma mayar da Husaini Fahmida, wanda ya mutu a Khurramshahar yana ɗan shekara 13, abin koyi ga ɗaliban makarantu. Kowane ɓangare yana da ƙissar da yake karantowa. Wajibinmu ne mu koma ga waɗannan ƙissoshi mu duba abin da suka ƙunsa, mu kuma duba ko raddin da muka saba yi ya isar.

2.0 Hujjar Masu Ɗaukar Makami

Idan aka tattara abin da waɗannan ƙungiyoyi ke yaɗawa, za a ga yana komawa ga ruwayoyi huɗu da ƙa'ida ɗaya.

Ta farko ita ce hadisin Abdurrahman ɗan Aufu da ke cikin Bukhari da Muslim, game da samari biyu na Ansar da suka tsaya a gefensa ranar Badar suna tambayar inda Abu Jahal yake, har suka sare shi. Ta biyu ita ce ƙissar Umairu ɗan Abu Waƙƙas, ƙanen Sa'adu, wanda ya riƙa ɓuya a cikin rundunar Badar don kada a mayar da shi, da aka mayar da shi ya yi kuka, aka ba shi izini, ya yi shahada. Ta uku ita ce ƙissar Rafi'u ɗan Khadiju da Samuratu ɗan Jundubu ranar Uhudu. Ta huɗu kuwa babin da Bukhari ya ƙulla game da fita yaƙi da yaro domin hidima, inda ya kawo tafiyar Anas ɗan Malik zuwa Khaibar. Ƙa'idar kuma ita ce maganar malaman fiƙihu cewa idan abokin gaba ya afko wa gari, kariya ta zama farali a kan kowa, ɗa yana fita ba tare da izinin mahaifinsa ba.

Aibin wannan karatu na farko yana cikin manhajinsa. An tsinci ruwayoyin da aka bai wa wani izini, aka binne waɗanda aka hana, alhali suna cikin babi ɗaya, wani lokaci ma cikin ƙissa ɗaya. Wannan aikin mai neman hujja ne ga abin da ya riga ya ƙudurta, kuma malaman usulu sun daɗe da bayyana cewa ba a yanke hukunci daga nassi ɗaya sai an haɗa shi da 'yan'uwansa.

3.0 Ruwayoyin a Bisa Ma'auni

Mu fara da samarin Badar. Hadisin bai ambaci shekarunsu ba. Abin da ya zo shi ne siffanta su da ƙuruciya, da kalmar gulam. Duk wanda ya san Larabci ya san ana kiran matashin da gashin baki ya fara tsiro masa da wannan kalma, har ana faɗar ta ga babba bisa la'akari da abin da ya kasance. Hadisin ya ambaci sunayensu: Mu'azu ɗan Amru ɗan Jamuhu da Mu'azu ɗan Afra'u. Ibn Ishaƙ ya lissafa Mu'azu ɗan Afra'u cikin mutum goma sha biyu da suka yi mubaya'ar Aƙaba ta farko, ya kuma lissafa Mu'azu ɗan Amru cikin waɗanda suka halarci ta biyu. Ma'ana, tun kafin hijira waɗannan biyun sun yi tafiya daga Yasriba zuwa Makka, sun ɗauki alƙawari a cikin manyan mutanensu. Badar kuwa a Ramadan na shekara ta biyu bayan hijira ta auku. Ta yaya wanda aka karɓi mubaya'arsa shekara biyu ko uku kafin Badar zai zama hujjar miƙa bindiga ga ɗan shekara goma?

Umairu kuwa, Ibn Sa'ad ya kawo cewa ya yi shahada yana ɗan shekara 16, kuma ruwayar ta biyo ta hanyar Waƙidi, wanda matsayinsa a wurin malaman hadisi sananne ne. Ko da an karɓe ta, hujja ce a kan masu kafa ta. Me ya sa Umairu yake ɓuya? Saboda ya san al'adar Manzon Allah (S.A.W.) ita ce duba runduna da mayar da ƙanana. Ɓuyan nasa shaida ce cewa hani shi ne asali, izini kuwa togaciya ce.

Haka ƙissar Uhudu take. Ibn Hisham ya ambaci cewa Rafi'u da Samuratu 'yan shekara 15 ne, kuma da farko an mayar da su duka biyun. Sai aka ce Rafi'u gwanin harbi ne, aka ba shi izini. Aka ce Samuratu yana kayar da Rafi'u a kokawa, shi ma aka ba shi. A wannan rana ce aka mayar da Usamatu ɗan Zaidu da Abdullahi ɗan Umar da Zaidu ɗan Sabitu da Barra'u ɗan Azibu da wasunsu. A lura da halin da ake ciki: rundunar Musulmi kimanin dubu ɗaya ce tana fuskantar dubu uku, kafin ma Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da mutum ɗari uku. Shugaban da yake cikin tsananin buƙatar kowane hannu shi ne ya tsaya yana rage rundunarsa da kansa. Masu karanta Rafi'u su tsallake Usamatu sun karanta rabin shafi ne.

Game da Anas, lafazinsa da kansa ya nuna ya kusa balaga a lokacin, kuma lissafi yana nuna ya haura shekara 15, domin yana ɗan kimanin shekara goma aka yi hijira, Khaibar kuwa a shekara ta bakwai ce. Mijin mahaifiyarsa, Abu Ɗalha, shi ya ɗauko shi a bayan abin hawansa, hidimar kuma ta Annabi ce (S.A.W.). Ina wannan ina yarinyar da aka sato daga makaranta aka mayar da ita mai dafa wa mayaƙa abinci da rana, abin lalatarsu da dare?

Saura ƙa'idar farali na kowa. Kalmar walad a maganar malamai tana nufin ɗa ga mahaifansa ko da ya yi furfura, domin mas'alar ta samo asali ne daga hadisin mutumin da ya nemi izinin jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, aka mayar da shi ga hidimarsu. Gaskiya ne wasu masu sharhi sun shigar da yaro mai iko cikin masu kare gari idan an afko masa ba zato, kuma amanar ilimi ta hana a ɓoye wannan. Amma babu afkowar da ta kai ta yaƙin Gwalalo, lokacin da rundunar taron dangi ta kimanin dubu goma ta kewaye Madina. Duk da haka an sanya mata da yara a cikin ganuwoyi, kuma Abdullahi ɗan Zubairu ya ba da labarin yadda yake tare da Umar ɗan Abu Salamata a can suna leƙen mahaifinsa Zubairu daga nesa. A ranar da ta fi kowace tsanani, ganuwa ce mazaunin yara.

4.0 Raddin da ya Tsaya kan Shekara 15

Hanya ta biyu ita ce ta mutanenmu, kuma ta fi yawa a cikin laccoci da kundayen neman digiri. Ana kawo hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim: an gabatar da shi ranar Uhudu yana ɗan shekara 14 ba a ba shi izini ba, aka gabatar da shi ranar Gwalalo yana ɗan 15 aka ba shi. Daga nan sai a ce Musulunci ya riga dokokin duniya da ƙarni goma sha huɗu, domin ƙarin yarjejeniyoyin Janeba na 1977, da sashe na 38 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, da dokar Rum ta 1998 da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya, duk sun tsaya ne kan shekara 15. Niyyar masu wannan magana kyakkyawa ce, amma tana da rauni ta fuska uku.

Na farko, ta mayar da mafi ƙarancin haddi ya zama shi ne manufa. Hadisin ya nuna an hana wanda bai kai 15 ba; bai nuna cewa duk wanda ya kai an wajabta karɓarsa ba. Shaida ita ce mayar da Rafi'u da Samuratu da farko, alhali sun kai. Wanda ya tsaya kan lambar kawai ya miƙa wa masu ɗaukar makami duk wani yaro daga 15 zuwa sama ba tare da ya sani ba.

Na biyu, ta ɗauki mas'alar saɓani kamar ijma'i. Shafi'i da Ahmad da almajiran Abu Hanifa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, da Ibn Wahb daga Malikawa, sun ɗauki 15 a matsayin shekarun balaga ga wanda alamomi ba su bayyana masa ba. Abu Hanifa kuwa ya ce 18 ga namiji, 17 ga mace, kuma mashhurin mazhabar Malik shi ne 18, kamar yadda Khalil ya kawo a babin hajru na Mukhtasar ɗinsa. Ibn Hajar ya ambata a Fathul Bari cewa Ɗahawi da Ibnul Ƙassar sun amsa hadisin da cewa izinin na yaƙi ne, yaƙi kuwa yana rataye ne ga ƙarfi da juriya. Hatta lambar tana da bincike: mafi yawan malaman sira sun sanya Gwalalo a shekara ta biyar, Uhudu a ta uku, wato tsakaninsu shekara biyu, shi ya sa Baihaƙi ya daidaita da cewa Ibn Umar ya shiga ta 14 ne a Uhudu, ya kuma cika 15 a Gwalalo. Abin mamaki ne a ce ɗalibin da ya tashi a ƙasar Risala da Mukhtasar yana alfahari da 15 alhali littafin da ke gabansa yana cewa 18.

Na uku, ta tsaya a 1989 alhali dokokin sun wuce nan. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro ta 1990 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta hana ɗaukarsa soja. Ƙarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya na Mayun 2000, wanda ya fara aiki ranar 12 ga Fabrairun 2002, ya hana tilasta wa ɗan ƙasa da 18 shiga soja, ya kuma hana ƙungiyoyin da ba na hukuma ba ɗaukarsa ko da da son ransa. Wannan ba ya nufin dokokin sun kammalu. Ƙarin yarjejeniyar ya bar wa gwamnatoci ƙofar karɓar masu sa kai daga shekara 16, kuma Birtaniya tana shiga ta wannan ƙofa har yau. Amma wanda ya gina kariyarsa a kan daidaituwar lambobi zai rasa abin cewa idan lambar ta motsa.

Irin wannan rauni ya bayyana ko a manyan takardunmu. Yarjejeniyar haƙƙin yaro a Musulunci da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da ita a San'a a 2005 ta yi kira da a kare yara daga shiga yaƙi, amma ta bar ma'anar yaro ga dokar kowace ƙasa, ba ta ambaci shekara ba. Haddin da ba a fayyace shi ba, mai bindiga ne zai fayyace shi.

5.0 Inda Mas'alar Take da Wuya

Akwai nassi a cikin mazhabarmu da ba ya halatta mu kauce masa. Ibn Abi Zaid ya ambata a babin jihadi na Risala cewa ba a ba yaro kaso daga ganima, sai idan yana da ikon yaƙi, shugaba ya ba shi izini, ya kuma yi yaƙin. Mai jayayya zai ce: ga Malikawa sun yarda wanda bai balaga ba ya yi yaƙi. Amsa tana cikin sharuɗɗan nassin kansa.

Da farko, maganar tana kan rabon ganima ne, wato haƙƙin yaron da ya riga ya halarta. Hukuncin abin da ya auku daban, umarni da a aikata shi daban. Babu wani malami da ya wajabta jihadi ga yaro a asali, domin an ɗauke masa alƙalami har ya balaga, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito, kuma aya ta 91 ta Suratut Tauba ta ɗauke laifi daga masu rauni. Aya ta 75 ta Suratun Nisa'i ma ta lissafa yara ne cikin waɗanda ake yaƙi domin a kuɓutar da su.

Sharaɗin iko kuma yana buƙatar a sake duba shi da idon wannan zamani. A zamanin takobi da sulke da garkuwa, makamin da kansa yana tace mayaƙa: wanda hannunsa bai ƙosa ba ba zai iya ɗaga shi ba. Bindigar Kalashnikov ba ta kai kilo biyar ba, ɗan shekara goma yana iya harba ta, kuma rahoton Graça Machel na 1996 ga Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna yaɗuwar ƙananan makamai marasa nauyi cikin abubuwan da suka sauƙaƙa mayar da yara sojoji. Da a ce iko yana nufin jan kunamar bindiga kawai, da sharaɗin ya zama banza. Mayaƙi a shari'a an ɗora masa sanin wanda ba a kashewa: mace da yaro da tsoho da mai ibada a ɗakin ibadarsa, kamar yadda wasiyyar Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan ta nuna a Muwaɗɗa. An ɗora masa kiyaye amana, da ƙin bin umarnin saɓo. Waɗannan duk aikin hankali ne cikakke. Kuma sanannen abu ne cewa masu ɗaukar yara suna son su ne saboda rashin wannan hankalin, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da shari'a ta sanya dalilin hani, shi suka mayar dalilin zaɓi.

A nan ƙiyasi na aula yana da ƙarfi. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta hana a miƙa wa maraya dukiyarsa sai ya isa aure, an kuma ga shiriya tare da shi. Idan ba a damƙa masa akuyarsa ta gado sai da balaga da rushdu, ta wace hanya za a damƙa masa jininsa da jinin mutane?

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne izinin shugaba. A duk ruwayoyin da suka gabata, yaro ne yake roƙo, shugaba yana hanawa. A sansanonin zamaninmu al'amarin ya juye: shugaban ƙungiya ne yake farauta, yaro yana gudu. Sannan shugaban da malamai ke nufi shi ne mai wilaya a kan jama'a, wanda tasarrufinsa yake rataye da maslaharsu, kamar yadda ƙa'idar da Suyuɗi ya kawo a Al-Ashbah wan Naza'ir ta tabbatar. Wanda ya shiga daji ya naɗa kansa ba shi da izinin da zai bayar, balle ga ɗan da ya raba da iyayensa da bakin bindiga.

6.0 Shekara 18 da Cika Alƙawari

Ƙarshen hadisin Ibn Umar yana ɗauke da fiƙihun da ake yawan wucewa. Nafi'u ya ce ya ba Umar ɗan Abdul'aziz labarin yana halifa, sai ya ɗauke shi iyaka tsakanin ƙarami da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa su sanya wanda ya kai 15 cikin diwanin mayaƙa. Halifa ya ga cewa barin al'amarin ga ganin idon kowane kwamanda zai buɗe ƙofar ɓarna, sai ya mayar da shi doka mai lamba. Wannan siyasa ce ta shari'a, kuma abin da shugaba ya ƙayyade don maslaha, wani shugaban yana iya ƙara tsananta shi idan maslaha ta buƙata. Tun da izini a hannun shugaba yake, hana iznin ma a hannunsa yake.

Saboda haka ƙasar Musulmi da ta sanya 18 ba ta aro baƙon hukunci ba. Ta ɗauki mashhurin Malikiyya da ra'ayin Abu Hanifa a haddin balaga, ta toshe kafar ɓarna, ta kuma yi aiki da ikon da shari'a ta ba ta. Idan ta rattaba hannu kan yarjejeniya, kamar yadda Nijeriya da Nijar suka shiga ƙarin yarjejeniyar 2000 a shekarar 2012, sai wajibcin cika alƙawari da ke farkon Suratul Ma'ida ya ƙaru a kai. Hukuncin kuma ba ya bambanta tsakanin mai gaskiya da mai ɓarna a yaƙin. 'Yan kato-da-gora na Borno sun tashi ne don kare garuruwansu daga Boko Haram, duk da haka an samu yara a cikinsu. Sun ƙulla yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumbar 2017, suka saki yara 833 a Oktobar 2018, da wasu 894 a Mayun 2019. Wannan sakin ya fi kusa da abin da aka yi ranar Uhudu fiye da duk wani fim na farfaganda da aka ɗauka a Raƙƙa.

7.0 Jinin yana kan Wa?

Akwai ɓangaren da hanyoyin biyu suka yi watsi da shi, shi ne makomar yaron da ya riga ya kashe. A nan ma fiƙihu bai yi shiru ba. Jamhurin malamai suna kan cewa ba a yi wa yaro ƙisasi, gangancinsa ana ba shi hukuncin kuskure. Khalil kuma, a babin jinni da ƙisasi, ya lissafa uba ko malami da ya umarci ƙaramin yaro da kisa cikin waɗanda ake kashewa saboda sababi. A lura da ambaton malami: mazhabar ta san cewa yaro a hannun wanda yake girmamawa kamar makami ne a hannun mai shi, don haka ta ɗora jinin a kan mai umarni.

Kotunan duniya sun bi wannan hanya ta wata fuska. Hukuncin farko da Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya ta yanke, a Maris na 2012, a kan Thomas Lubanga na Kwango ne saboda ɗaukar yara 'yan ƙasa da 15 soja, aka ɗaure shi shekara 14. Shari'ar Dominic Ongwen kuwa ta fi ɗaure kai: LRA ta sace shi yana yaro, ya girma ya zama kwamanda, aka same shi da laifi a 2021, aka yanke masa shekara 25 kan abin da ya aikata yana babba. Irin wannan mas'ala, ta wanda aka zalunta yana ƙarami ya zama azzalumi yana babba, tana jiran bincike daga malamanmu a babin tilasci da taklifi.

Abin da ya fi gaggawa shi ne halin jama'a. Yaran da suka dawo daga daji suna tarar da ƙyama a unguwanninsu, yarinyar da ta dawo da goyo ta fi kowa shan ta. Idan shari'a ta ɗauke wa yaro alƙalami, liman da mai unguwa ba su da ikon mayar masa da shi. Bayyana wannan a kan mumbari yana cikin aikin malamai, kamar yadda raddin shubuha yake cikinsa.

8.0 Kammalawa

Ruwayoyin matasan Sahabbai, idan an haɗa su wuri ɗaya, suna nuna tsari guda: duba runduna, mayar da ƙanana ko da ana cikin buƙata, togace ɗaiɗaiku bayan roƙo da jarrabawa, da ajiye yara a wurin aminci. Masu ɗaukar makami sun riƙe togaciyar sun yar da asalin. Masu kariya sun riƙe lamba sun bar illa. Buɗaɗɗiyar wasiƙar da malamai fiye da ɗari da ashirin suka aika wa shugaban Da'ish a Satumbar 2014 ta ware sashe kan zaluntar yara, kuma wannan mataki ne mai kyau, amma ana buƙatar fatawa fayyatacciya daga majalisun fiƙihu da za ta ambaci shekara 18 ƙarara, ta haɗa da mai girki da ɗan aike da ɗan leƙen asiri, kamar yadda ƙa'idojin Paris na 2007 suka haɗa su cikin ma'anar yaron da aka jingina ga mayaƙa. Ana kuma buƙatar masu koyar da sira su riƙa ambaton sunayen waɗanda aka mayar ranar Uhudu tare da sunayen waɗanda aka bari. Zaidu ɗan Sabitu da aka mayar shi ne ya jagoranci tattara Alƙur'ani, Ibn Umar da aka mayar ya rayu har bayan shekara ta saba'in ta hijira yana karantar da al'umma sunna.

Allah Shi ne Mafi sani.